Tasirin Nisan Bisa a kan Babur Mai Fetur da Babur Mai Lantarki a Tseren Hawan Dutse

1.0 Gabatarwa

Babur yana daga cikin ababen hawa da suka fi yawa a hannun jama'a, kuma har zuwa 'yan shekarun baya, in aka ce babur to mai shan fetur ake nufi. Yanzu kuwa an samu kishiyarsa, wato babur mai aiki da lantarki, wanda batir ke tafiyar da shi. Samuwar waɗannan nau'o'i biyu ta haifar da muhawara tsakanin mahaya da makanikai da masu ƙera injuna a kan wanda ya fi ƙarfi a cikinsu. Amsar wannan tambaya ta danganta da wurin da aka yi gwajin, domin babur ɗin da ya yi zarra a shimfiɗaɗɗen fili yana iya kasawa a kan dutse.

Wannan babi zai yi bayani ne a kan yadda nisan bisa ke shafar kowanne daga cikin baburan biyu yayin hawan dutse. Za a ɗauki tseren da ake yi a kan dutsen Pikes Peak na ƙasar Amurka a matsayin misali, saboda a can ne aka gwada baburan biyu a hanya ɗaya, aka kuma rubuta lokacin da kowanne ya ɗauka. Abin da ake fata shi ne ɗalibi mai koyon aikin malanta ya fahimci dalilan da ke ƙarƙashin lamarin, har ya iya bayyana su ga nasa ɗaliban da Hausa mai sauƙi.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kafin a shiga cikin bayani, ya kamata a bambanta abubuwa biyu da akan cakuɗa a maganar yau da kullum, domin duk akan kira su da kalmar “tudu” ko “hawa”.

Na farko shi ne miƙewar hanya, wato yadda hanya ta ɗaga kai sama. Hanya mai miƙewa tana wahalar da kowane irin abin hawa, ko da a bakin teku take, saboda dole ne injin ya ɗaga nauyin babur da na mahayinsa.

Na biyu shi ne nisan bisa, wato tazarar da ke tsakanin wuri da doron teku idan aka auna ta tsaye. Wuri yana iya kasancewa shimfiɗaɗɗe tamkar faranti amma yana da nisan bisa mai yawa. Garin Jos, alal misali, yana bisa kimanin mita 1,200 daga doron teku, alhali Kano ba ta kai mita 500 ba.

A tseren hawan dutse abubuwan nan biyu haɗuwa suke yi: hanya tana neman ƙarin ƙarfi daga inji, nisan bisa kuma yana rage wa wani injin ƙarfin da yake da shi. Wannan na biyun shi ne jigon wannan babi.

3.0 Tseren Dutsen Pikes Peak

Pikes Peak dutse ne da ke jihar Kolorado a yammacin Amurka, kusa da birnin Colorado Springs. An fara tseren hawansa a shekarar 1916, kuma yana cikin tsofaffin wasannin tseren motoci na ƙasar. Ba a sakin 'yan tsere gaba ɗaya. Kowa yakan hau shi kaɗai, a ɗauki lokacinsa, wanda ya fi gajeren lokaci shi ya yi nasara.

Tsawon hanyar tseren kusan kilomita 20 ne, kuma tana da kwana 156. Ana tashi daga wurin da ke bisa mita 2,862, a ƙare a ƙolin dutsen, wanda ya kai kimanin mita 4,300. Ke nan ɗan tsere yakan hau kusan mita 1,440 cikin 'yan mintoci, wato a kowace mita 100 ta tafiya yana ɗagawa sama da kimanin mita 7. Shekaru da dama hanyar ta tsakuwa ce, sai a shekarar 2011 aka kammala shimfiɗa mata kwalta har ƙoli. Abin lura a nan shi ne, tun daga layin tashi an riga an zarce Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Nijeriya, wanda tsawonsa mita 2,419 ne.

4.0 Yadda Iska Ke Canzawa da Nisan Bisa

Iska tana da nauyi, ko da yake ba ma jin sa. Iskar da ta lulluɓe duniya tana kama da buhunan auduga da aka jibga wani kan wani: na ƙasa ya fi dannuwa saboda nauyin waɗanda ke kansa, na sama kuwa yana nan sako-sako. Haka iskar bakin teku ta fi kauri, ta kan dutse kuma ta fi sakayau.

Idan aka cika akwati mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya da iska a bakin teku, nauyin iskar yakan kai kimanin kilo 1.2. A wurin tashin tseren Pikes Peak, iskar da za ta cika wannan akwati ba ta wuce kimanin kilo 0.9 ba, a ƙolin dutsen kuwa takan sauko zuwa wajen kilo 0.8.

Akwai wani kuskure da ya yaɗu wanda ya kamata malami ya kiyaye. Akan ji ana cewa kason iskar oksijin yana raguwa a kan dutse. Haƙiƙa kason bai canzawa: oksijin kashi 21 cikin 100 ne na iska, a bakin teku da kan dutse duka. Abin da ke raguwa shi ne yawan iskar gaba ɗayanta a cikin kowane ma'auni. Saboda haka duk abin da ke shaƙar iska, mutum ne ko inji, oksijin ɗin da yake samu a kowace shaƙa ya ragu, ko da yake girman shaƙar bai canza ba.

5.0 Babur Mai Fetur

5.1 Yadda Yake Samun Ƙarfi

Injin fetur yana samun ƙarfinsa daga ƙonewar mai. Fistan yakan sauka a cikin silinda ya zuƙo iska gauraye da fetur, ya koma sama ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi, gaurayen ya kama da ƙarfi ya tura fistan ƙasa. Wannan turawa ita ce ke juya taya. Wuta kuwa ba ta ci sai da oksijin. Domin fetur ya ƙone sarai, kowane kilo ɗaya nasa yana bukatar kimanin kilo 14.7 na iska. A nan za a ga cewa babur mai fetur yana ɗauke da rabin abin da yake bukata ne kawai a cikin tankinsa. Ɗaya rabin yana karɓar sa ne daga iskar wurin da yake.

5.2 Abin da Nisan Bisa Ke Yi Masa

Girman silinda bai canzawa. Idan iskar da ta cika shi ta yi sakayau, oksijin ɗin da ke ciki ya ragu, fetur ɗin da zai iya ƙonewa ya ragu, turawar da fistan ke samu ita ma ta ragu. Masu aikin injuna suna da ƙiyasin da suke aiki da shi, cewa injin da ke zuƙar iska da kansa yakan rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfin da ya rage masa a kowace mita 300 da aka hau.

Idan aka bi wannan ƙiyasi, babur mai ƙarfin doki 100 a bakin teku zai tashi a layin Pikes Peak da kimanin ƙarfin doki 75, ya isa ƙoli da wajen 65. Wato tun kafin a ɗaga tuta ya yi asarar kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa, kuma yana ci gaba da rasa ƙarfi a kowace kwana har ƙarshen tsere. Wannan yana ƙara wa mahayi wahala, domin yadda babur ke amsa totur a farkon hanya daban yake da yadda yake amsawa a ƙarshenta.

5.3 Dabarun Rage Asarar

Baburan da ke amfani da kafireta su suka fi jin jiki. Kafireta ba ta iya rage mai daidai da yadda iska ta ragu, don haka mai yakan yi wa iska yawa. Alamomin haka su ne baƙin hayaƙi daga salansa, da baƙin toka a kan fulogi, da tari ko shaƙewar inji, da yawan shan mai. Makanikai kan magance wannan ta hanyar sauya 'yar kafar da mai ke bi, wadda suke kira jet, da wata ƙarama. Sai dai a tseren da ake hawa mita 1,440, saitin da ya dace da gindin hanya ba zai dace da ƙoli ba.

Baburan zamani masu injekta suna da 'yar kwamfuta da ke auna iska tana rage mai daidai wa daida. Wannan yana hana shaƙewa, amma bai mayar da ƙarfin da aka rasa ba, domin kwamfuta ba ta ƙirƙiro oksijin.

Dabara ta uku ita ce na'urar cusa iska, wadda ake kira turbo. Aikinta irin na zugazugin maƙeri ne: tana tattara iska ta cusa ta cikin silinda da ƙarfi. Takan mayar da mafi yawan ƙarfin da aka rasa, shi ya sa motocin tseren dutse masu fetur suka dogara da ita. Amma tana ƙara nauyi da zafi da tsada, kuma baburan da ake ƙerawa da ita kaɗan ne ƙwarai.

6.0 Babur Mai Lantarki

6.1 Inda Ya Yi Fice

Injin lantarki bai ƙona komai. Wuta takan fito daga batir ta bi ta cikin naɗaɗɗun wayoyi, ta haifar da ƙarfin maganaɗisu, shi kuma ya juya inji. Sinadaran da ke samar da wutar suna rufe a cikin batir, ba sa bukatar iskar waje. Saboda haka ƙarfin da injin ke bayarwa a bakin teku shi zai bayar a ƙolin dutse, muddin batir na da caji kuma zafi bai yi yawa ba.

Akwai kuma wata fa'ida da ta shafi kwana. Injin fetur sai ya kai wani mizani na gudu kafin ya ba da cikakken ƙarfin juyi, shi ya sa yake bukatar giya da kuloci. Injin lantarki kuwa yana ba da ƙarfin juyinsa tun daga tsaye, kuma yawancin baburan lantarki ba su da canjin giya. A hanya mai kwana 156, inda ake taka birki a sake ɗaukar gudu ba iyaka, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Bugu da ƙari, iska mai sakayau ba ta tare abin hawa kamar yadda mai kauri ke yi. Baburan biyu duk suna cin wannan moriya, sai dai mai fetur yana biyan ta da asarar ƙarfi, mai lantarki kuwa a kyauta yake samun ta.

6.2 Inda Ya Gaza

Hausawa na cewa kowane allazi da nasa amanu. Matsalar babur mai lantarki ta farko ita ce nauyi. Makamashin da ke cikin kilo ɗaya na fetur ya ninka wanda ke cikin kilo ɗaya na batirin litiyam kimanin sau 50. Gaskiya ne injin fetur bai cin moriyar abin da ya wuce kashi ɗaya cikin uku na makamashin mansa, sauran yana tafiya a zafi, alhali injin lantarki yana cin moriyar kusan kashi 9 cikin 10 na nasa. Duk da haka ratar tana da faɗi, don haka batir yana da nauyi. A kan hawa kowane kilo sai an ɗaga shi har ƙoli, kuma babur mai nauyi ya fi wuyar kwantarwa a kwana da wuyar tsayarwa da birki. Har ila yau, tankin fetur yana raguwa da nauyi yayin da ake tafiya, amma batir nauyinsa ɗaya ne ko da caji ko babu.

Matsala ta biyu ita ce zafi, kuma a nan ne nisan bisa ke kama babur mai lantarki. Batir da inji da na'urar da ke sarrafa wuta duk suna yin zafi idan aka matsa musu, kuma iska ce ke kwashe zafin. Iska mai sakayau ba ta kwashe zafi kamar mai kauri. Idan zafi ya kai wani mizani, na'urar sarrafawa takan rage wutar da ke zuwa inji domin kada batir ya lalace, sai mahayi ya ji ƙarfi ya ragu. Babur mai fetur ma bai tsira daga wannan ba, domin lagiretonsa da iska yake sanyaya ruwa.

Sanyi ma yana da nasa tasiri. Zafin yanayi yakan ragu da kimanin digiri 6.5 na ma'aunin Salshiyas a kowace mita 1,000 da aka hau. Wannan yana ɗan taimakawa wajen sanyaya inji, amma batirin da ya yi sanyi da yawa kafin tashi bai iya sakin wuta da ƙarfi. Ashe ke nan batir yana da iyaka ta sama da ta ƙasa, kuma tsakaninsu kaɗai yake ba da cikakken ƙarfinsa.

7.0 Abin da Sakamakon Tsere Ya Nuna

A shekarar 2013, wani Ba'amurke mai suna Carlin Dunne ya hau babur mai lantarki na kamfanin Lightning ya kammala tseren cikin minti 10 da ɗan ɗoriyar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Ya doke dukkan baburan fetur da suka shiga tseren a wannan shekara, kuma wannan ne karo na farko da babur mai lantarki ya yi hakan a Pikes Peak.

Sai dai ba a nan zance ya ƙare ba. Shekara guda kafin nan, wato a 2012, wannan mahayin dai ya hau dutsen da babur mai fetur, ƙirar Ducati Multistrada, cikin minti 9 da daƙiƙa 52. Mahayi ɗaya ne, hanya ɗaya ce mai kwalta, amma mai fetur ya fi sauri da kimanin daƙiƙa 8. Ko da yake yanayin sama da na hanya suna bambanta daga shekara zuwa shekara, wannan ya isa ya nuna cewa fifikon da nisan bisa ya ba babur mai lantarki bai wuce ya rufe giɓin da nauyi ya buɗe ba. Lokaci mafi gajarta da babur ya taɓa yi a dutsen shi ne minti 9 da daƙiƙa 44, wanda Rennie Scaysbrook ɗan ƙasar Ostareliya ya kafa a 2019 da babur mai fetur ƙirar Aprilia.

A ɓangaren motoci kuwa lamarin ya sha bamban. A 2013 Sébastien Loeb na Faransa ya hau dutsen cikin minti 8 da daƙiƙa 13 da motar Peugeot mai fetur da turbo. A 2018 wani Bafaranshen, Romain Dumas, ya karya wannan tarihi da motar lantarki ta Volkswagen, cikin minti 7 da daƙiƙa 57. Daga cikin dalilan wannan bambanci akwai cewa mota tana da wurin ajiye babban batir da na'urorin sanyaya shi, kuma nauyinta yana kan tayoyi huɗu, alhali babur sai mahayi ya kwantar da shi da jikinsa a kowace kwana.

Wannan gasa tsakanin baburan biyu ta tsaya ba tare da an kai ƙarshenta ba. Mahaya biyu sun rasa rayukansu a dutsen a 2014 da 2015, sannan a 2019 Carlin Dunne kansa ya rasu sakamakon haɗarin da ya yi dab da layin ƙarshe. Masu shirya tseren suka dakatar da sa babura, kuma a 2021 suka sanar da cewa sun daina gaba ɗaya. A tuna kuma cewa mahayi shi ma iska yake shaƙa. Ƙarancin oksijin yana kawo gajiya da ciwon kai da jinkirin yanke shawara, kuma wannan ya shafi wanda ke kan babur mai lantarki kamar yadda ya shafi wanda ke kan mai fetur.

8.0 Amfanin Wannan Bayani ga Rayuwar Yau da Kullum

Dokar da ta yi aiki a Pikes Peak ita ce ke aiki a kowane tudu, sai dai ƙarfin tasirinta ya danganta da nisan bisa. Bisa ƙiyasin da aka kawo a baya, babur mai fetur a Jos ya rasa kimanin kashi 11 zuwa 12 cikin 100 na ƙarfin da zai bayar a bakin teku, a tsaunin Mambila na jihar Taraba kuwa, wanda ke bisa wajen mita 1,600, asarar takan kai kimanin kashi 15. Don haka ɗan acaɓar da ya kai babur mai kafireta daga ƙasa-ƙasa zuwa irin waɗannan wurare, ya ga ya yi sanyi yana baƙin hayaƙi, bai kamata ya yi gaggawar kwance inji ba. Ya fara sa a duba masa saitin iska da mai. Wanda kuma ke tunanin sayen babur mai lantarki domin aiki a ƙasa mai duwatsu, ba raguwar ƙarfi ce za ta dame shi ba; abin da zai tambaya shi ne nisan da caji ɗaya zai kai shi a kan hawa da kaya, da yadda babur ɗin ke jure zafi, da inda zai samu wutar caji.

9.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa nisan bisa yana rage kaurin iska, kuma wannan yana shafar baburan biyu ta hanyoyi mabambanta. Babur mai fetur yana rasa ƙarfi kai tsaye saboda ƙonewar mansa ta dogara da oksijin, har asarar takan kai kashi ɗaya cikin uku a ƙolin Pikes Peak. Babur mai lantarki yana riƙe ƙarfinsa, amma yana fama da nauyin batir da wahalar sanyaya shi. Sakamakon tseren ya nuna cewa mai lantarki ya taɓa doke masu fetur a 2013, amma lokaci mafi gajarta yana hannun mai fetur har zuwa ranar da aka daina sa babura. Saboda haka malamin da ɗalibi ya tambaye shi wanne ya fi ƙarfi, sai ya fara tambayar ɗalibin: a wane wuri, a wane nisan bisa, kuma tafiyar ta kilomita nawa ce?

10.0 Tambayoyin Bita

1. Bambanta tsakanin miƙewar hanya da nisan bisa, tare da kawo misali daga yankinku.

2. Me ya sa kuskure ne a ce kason oksijin yana raguwa a kan dutse? Mene ne daidai?

3. Kawo dabaru uku da ake bi domin rage asarar ƙarfin injin fetur a kan dutse, ka faɗi gazawar kowacce.

4. Yi bayanin hanyoyi biyu da babur mai lantarki ke gazawa a tseren hawan dutse.

5. Me kwatanta lokutan da Carlin Dunne ya yi a 2012 da 2013 ke nunawa?

6. Tsara darasin minti 40 da za ka koyar da ɗaliban ƙaramar sakandare dalilin da ke sa inji ya yi sanyi a kan dutse, ka ambaci kayan koyarwar da za ka yi amfani da su.